Ɗakunan Karatu da Taskokin Bayanai kan Muhalli: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai, 'yan jarida, ma'aikatan ƙungiyoyi da masu bincike suka fi yi idan suka fara neman bayani kan iska, ruwa, ƙasa, dazuzzuka da sauyin yanayi. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sun ja, gwargwadon nauyin maganar.

Me ya haɗa ɗakin karatu da kare muhalli? Ba aikin fili ba ne?

Aikin fili ne, amma wanda ya je fili yau, yau kaɗai zai gani. Idan mutum ya ɗebi ruwan kogi ya auna, ya sami lamba. Lambar nan ba za ta gaya masa ko ruwan ya lalace ba, sai ya ajiye ta kusa da wadda wani ya auna shekara talatin da suka wuce. Duk wata magana ta "ya ragu", "ya ƙaru", "ya gurɓace" kwatanci ce, kuma kwatanci yana buƙatar wanda ya adana ta jiya.

A 1958 Charles David Keeling ya fara auna iskar kabon a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawai. Abin da ya samu a lokacin kusan kashi 315 ne cikin miliyan. Yau an haura 420. Awo ɗaya daga cikin waɗannan ba ya tsorata kowa. Jerin su shekara bayan shekara shi ne hujjar. Haka labarin ramin da aka gano a rufin ozon, wato iskar da ke can sama tana kare duniya daga haskoki masu cutarwa na rana. Masu binciken Birtaniya a tashar Halley ta Antatika sun yi ta auna ozon tun ƙarshen shekarun 1950, aikin da mutane da yawa za su ɗauka ɓata lokaci ne. A 1985 Joe Farman da abokan aikinsa biyu suka wallafa cewa ozon yana zaizayewa sosai a kowace bazarar yankin, kuma a 1987 aka sa hannu kan Yarjejeniyar Montreal ta rage sinadaran da ke lalata shi. Da a ce wani ya share tsofaffin alƙaluman don ya sami wurin ajiya, da babu abin da za a gwada sababbin da shi.

Wane irin kaya ake samu a ɗakin karatu na muhalli wanda babu shi a laburaren gama-gari?

Littattafai suna nan, mujallun ilimi ma suna nan, amma ba su ne dukiyar wurin ba. Dukiyar ita ce takardun da ba a taɓa sayarwa a kasuwa ba: rahoton da wata hukuma ta buga kwafi hamsin ta raba, kundin digiri da ɗalibi ya miƙa ya tafi, rahoton tantance illar da madatsar ruwa ko masana'anta za ta yi wa muhalli kafin a gina ta, taswirar ƙasa da ta ruwan ƙarƙashin ƙasa, hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, da rajistar tashoshin auna ruwan sama. Irin waɗannan takardu ba su da lambar da ake bin sawun littafi da ita, babu kamfanin da zai sake buga su, kuma idan kwafin ƙarshe ya ɓata, shi ke nan.

Wanda ya taɓa buɗe tsohuwar rajistar ruwan sama ya san abin da nake nufi. Shafi ne mai layuka talatin da ɗaya, kowace rana da layinta, an cike da alƙalami da hannun mutum ɗaya. Sai ka iske mako biyu babu komai, a gefe an rubuta cewa ma'auni ya fashe. Sai hannu ya canza, ka gane an kawo sabon ma'aikaci. Wannan ɗan rubutun gefe yana da daraja kamar lambobin kansu, don shi ne yake hana mai bincike ɗaukar kwanakin da ba a auna ba a matsayin kwanakin da ba a yi ruwa ba.

A wasu cibiyoyi ɗakin karatu yana aiki kafaɗa da kafaɗa da taskar busassun tsirrai, inda ake manna ganye da fure a takarda tare da sunan wurin da aka tsinko da ranar. Taskar lambun Kew a Ingila tana da irin waɗannan kusan miliyan bakwai.

Takardar da ta haura shekara ɗari, har yanzu tana da amfani ga kimiyya?

Da tsohuwar zuma ake magani. A tsibirin Rauda da ke Alƙahira akwai ma'aunin cikar Kogin Nilu, kuma an adana lissafin cikar kogin na ɗaruruwan shekaru, tun daga ƙarni na bakwai. Masu mulki sun rubuta shi ne don sanin yadda noma da haraji za su kasance. A tsakiyar ƙarni na ashirin Harold Edwin Hurst, wanda ke lissafin girman tafkin da ya kamata a gina a kan kogin, ya yi amfani da irin waɗannan dogayen jerin ya nuna cewa shekarun cika da na ƙamfa suna zuwa ne rukuni-rukuni, ba a warwatse ba. Har yau masana ruwa suna aiki da wannan.

A Kyoto ta Japan, bayanan fada da na masu ibada sun riƙa ambaton ranar da furen ceri ya kai ganiya tun ƙarni na tara. Waɗanda suka rubuta ba kimiyya suke yi ba. Amma da aka jera ranakun, sai aka ga furen yana ta gaggawa a zamanin nan, har a 2021 ya kai ganiya ranar 26 ga Maris, wanda ba a taɓa samun da wuri haka ba a duk jerin kafin wannan shekarar. Akwai kuma kundayen jiragen ruwa, inda matuƙa suka riƙa rubuta iska da zafi da ƙanƙara sau da yawa a yini. Tun 2010 wani shiri mai suna Old Weather ya riƙa sa hotunan shafukan a intanet, 'yan sa-kai suna kwafe lambobin da hannu, masu nazarin yanayi suna ɗauka.

Ai komai yana intanet yanzu. Mene ne amfanin gini da ma'aikaci?

Wannan ita ce maganar da ake yi duk lokacin da za a rufe laburare, kuma an gwada ta an gani. A 2006 hukumar kare muhalli ta Amurka ta rufe ɗakunan karatunta na Chicago, Dallas da Kansas City, har da na hedikwata a Washington, saboda rage kasafi, tana cewa za a mayar da takardun na kwamfuta. Masana da ma'aikatan laburare suka yi ca, majalisar dokoki ta sa baki ta ware kuɗi, aka sake buɗe su a Satumban 2008. A Kanada, wajen 2013, ma'aikatar kamun kifi da tekuna ta rufe bakwai daga cikin ɗakunan karatunta goma sha ɗaya. Gwamnati ta ce haɗe su aka yi wuri ɗaya, masana kuwa suka yi ta kokawa cewa an zubar da takardun da ba a kwafe ba.

Ko abin da ya shiga intanet ɗin ma ba shi da tabbas. Hukuma ta sauya shafinta, adireshin rahoto ya mutu. Gwamnati ta canza, wani shafi ya ɓace. Shi ya sa a ƙarshen 2016 masana da ma'aikatan laburare a Amurka suka riƙa taruwa suna kwafe bayanan yanayi na gwamnati zuwa wasu rumbuna, don gudun kada a wayi gari babu su. Idan adireshi ya mutu maka, ka fara gwada Wayback Machine na Internet Archive, rumbun da ke adana tsofaffin shafukan intanet. Sau da yawa yana da tsohon kwafi.

Sannan injin bincike yana nuna maka abin da aka fi dannawa ne. Ma'aikacin laburare da ya daɗe a wurin shi zai ce maka, "Wannan hukumar ta sauya suna sau biyu, nemi rahoton a ƙarƙashin tsohon sunan." Wannan sanin ba ya cikin katalog.

Na sami maƙalar da nake so, amma mujallar tana neman kuɗi. Ina mafita?

Akwai hanyoyi, kuma yawancin mutane ba sa wuce ta farko kafin su haƙura.

Idan kana wata jami'a, cibiyar bincike ko ofishin gwamnati a ƙasa mai ƙaramin ƙarfi, tambayi laburarenku ko sun yi rajista da Research4Life. Haɗin gwiwa ne tsakanin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, wasu jami'o'i da kamfanonin ɗab'i. Ya fara da HINARI na lafiya a 2002, AGORA na noma ya biyo a 2003, sai OARE na muhalli a 2006, wanda hukumar muhalli ta Majalisar wato UNEP ta kafa tare da Jami'ar Yale. Cibiya ce take rajista, ba mutum ɗaya ba. Wasu ƙasashe kyauta suke samu, wasu da ɗan kuɗi kaɗan. Abin haushi shi ne sau da yawa cibiyar ta yi rajista tun tuni, kalmar shiga tana kwance a aljihun teburin mutum ɗaya, ɗalibai suna can suna fama.

Bayan wannan, duba ko marubucin ya ajiye kwafi a rumbun jami'arsa. Duba DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003. Tambayi laburare ko za su aro maka daga wani laburaren. In duk sun ƙi, rubuta wa marubucin gajeren saƙo. Galibinsu murna suke yi an nemi aikinsu.

Daga ina zan fara nema?

Ya danganta da abin da kake bi. Idan dabbobi da tsirrai ne, GBIF, wanda aka kafa a 2001 kuma sakatariyarsa ke Kopenhagen, yana tattara bayanan inda aka ga kowane jinsi da ranar da aka gan shi, sun haura biliyan biyu. Tsofaffin littattafan da suka fara siffanta jinsunan kuwa suna Biodiversity Heritage Library, shafuka miliyoyi da aka ɗauki hotonsu, kyauta. Don sanin ko jinsi yana fuskantar barazanar ƙarewa, jan kundin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wanda ya faro a 1964, shi ne madogara. Noma, ƙasa da dazuzzuka: AGRIS na hukumar abinci da noma, FAO, da ke aiki tun tsakiyar shekarun 1970. Dokoki da yarjejeniyoyi: ECOLEX, na FAO da IUCN da UNEP. Sauyin yanayi: rahotannin IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wanda aka kafa a 1988.

Wani abu game da IPCC da mutane ke mantawa: ba ya gudanar da bincike na kansa. Tattara abin da aka wallafa yake yi ya auna. Don haka jerin maƙalun da ke ƙarshen kowane babi taswira ce ta fannin, kuma mai wayo daga nan yake farawa.

Shi ma GBIF yana da karkata. Tsuntsaye sun cika shi, kuma bayanan Turai da Arewacin Amurka sun rinjayi na sauran duniya nesa ba kusa ba. Idan ka ga taswira babu ɗigo a wani yanki, wataƙila ba dabbar ce babu ba, mai rubutawa ne bai je ba.

Da gaske hotunan tauraron ɗan'adam kyauta ne?

Da yawa daga cikinsu, e. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, kuma shekaru da dama ana sayar da hotunansa da tsada, har mai bincike yakan sayi biyu ko uku ya haƙura. A 2008 aka buɗe taskar kyauta ga kowa, amfani da ita ya ninka sau ba adadi. Tarayyar Turai ta biyo da taurarin Sentinel daga 2014, su ma kyauta. A hoton Landsat kowane ɗigo faɗin mita 30 ne a ƙasa, na Sentinel-2 kuwa yana kaiwa mita 10. Da irin waɗannan aka bi ƙafewar Tekun Aral a tsakiyar Asiya, wanda a 1960 shi ne tafki na huɗu a girma a duniya, har sashensa na gabas ya bushe ƙurmus a 2014.

Sai dai hoto ba ya fassara kansa. Girgije yana rufe ƙasa, gonar bishiyoyi tana kama da daji daga sama, kuma wanda ya gwada hoton damina da na rani zai sanar da bala'in da babu shi.

Yaya zan bambance sahihin bayani da na bogi?

Bi lamba har gidansu. Idan jarida ta ce an rasa kadada kaza ta daji, daga wa ta ji? Idan rahoton ƙungiya ne, shi kuma daga ina ya ɗauko? Sau da yawa za ka bi mataki huɗu ka tarar duk suna jingine da ƙiyasi ɗaya da wani ya yi shekaru aru-aru, ko ma ka tarar babu tushe sam. Tambayi wa ya auna, da me, yaushe, kuma wa ya biya kuɗin aikin. Rahoton da kamfani ya biya ba lallai ƙarya ba ne, na ƙungiyar fafutuka ma ba lallai gaskiya ba ne. Kowanne ana duba hanyar da ya bi.

Ka kula da ma'anar kalmomi. Ƙasashe da hukumomi ba su yi ittifaƙi kan abin da ake kira "daji" ba, don haka lambobi biyu za su iya saɓawa alhali kowanne daidai ne a kan ma'anarsa. A batun yanayi kuwa, hukumar yanayi ta duniya tana ɗaukar matsakaicin shekara talatin ne a matsayin ma'auni, wanda ake aiki da shi yanzu shi ne na 1991 zuwa 2020. Shekara uku ta zafi ba ta isa hujja ba. Akwai kuma mujallun cin-da-ceto da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da tantancewa ba. Idan kana shakka, nuna wa ma'aikacin laburare sunan.

Zan iya dogara da manhajojin ƙirƙirarriyar basira?

Don samun kalmomin bincike ko fahimtar maƙala mai wuya, suna taimakawa. Amma sukan ƙirƙiro sunan maƙala da marubuci da shekara waɗanda babu su a duniya. Duk abin da suka ba ka, sai ka buɗe asalin takardar da idonka kafin ka sa a aikinka.

Ni ba masani ba ne. Ina da haƙƙin neman bayanin abin da masana'anta ke zubarwa kusa da ni?

A ƙasashe da yawa, kana da shi. Ƙa'ida ta 10 ta Sanarwar Rio ta 1992 ta ce kowane mutum ya kamata ya sami bayanan muhalli da ke hannun hukumomi, ya sami damar sa baki a shawara, ya kuma sami hanyar kai ƙara. Yarjejeniyar Aarhus ta 1998 ta mayar da wannan doka ga ƙasashen Turai da na tsakiyar Asiya da suka shiga, ta Escazú ta 2018 ta yi haka ga Latin Amurka da yankin Karibiyan. A wasu wurare dokar 'yancin samun bayanai ta ƙasa ce ke aiki.

Wannan haƙƙi da jini aka same shi. A daren 2 ga Disamban 1984 iskar guba ta tsiyayo daga wata masana'antar maganin ƙwari a Bhopal ta Indiya, dubban mutane suka mutu, mafi yawansu ba su ma san abin da ake ajiyewa a maƙwabtansu ba. Bayan shekara biyu Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa masana'antu bayyana sinadarai masu guba da suke saki kowace shekara, a kundin da kowa zai iya dubawa. Wasu ƙasashe sun kwaikwaya. Idan za ka nema, ka rubuta, ka ambaci wurin da shekarun da irin takardar, ka ajiye kwafin wasiƙarka mai ɗauke da kwanan wata.

Yaya zan yi tambaya don ma'aikacin laburare ya iya taimaka mini?

Matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya zo ya ce "ina son komai a kan gurɓatar ruwa" ya ɗora wa kansa da mai taimakonsa kaya. Ma'aikaci mai ƙwarewa ba zai tashi daga kujera ba tukuna. Zai tambaye ka: ruwan kogi ko na rijiya? Wane yanki? Daga wace shekara? Gubar dalma kake bi ko ƙwayoyin cuta? Kundin digiri kake rubutawa ko shari'a za ka shiga? Bayan minti biyar sai "komai" ta koma "awon dalma a ruwan rijiyoyin da ke kusa da wuraren haƙar ma'adinai cikin shekara ashirin", wadda ita ana iya nemo ta. Ka zo da abin da ka riga ka samu, ka faɗi inda ka nema ka rasa. Idan jinsi kake nema, ka zo da sunansa na kimiyya, don sunan gida yana canzawa daga gari zuwa gari.

Na tattara alƙaluma a bincikena. Ina zan ajiye su?

Ba a kwamfutarka kaɗai ba. Na taɓa zama da wani dattijon mai bincike da ya kawo kwalin tsofaffin faifai, aikin shekara takwas na auna rijiyoyi. Muka sha wahala muka sami na'urar da za ta karanta su, fayilolin suka buɗe, sai ga jerin lambobi babu kan magana: babu wanda ya san ko mita ne ko ƙafa, kuma rijiyoyin lambobi kawai aka ba su, littafin da ke fassara lambobin ya ɓata a wani ƙaura da aka yi. Ya daɗe yana kallon allon bai ce uffan ba.

Saka bayananka a rumbun cibiyarku, ko a wani buɗaɗɗe kamar Zenodo, wanda cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, ke kula da shi tun 2013 kuma yake ba kowane ajiya lambar dindindin ta DOI. Yi amfani da tsari mai sauƙi da kowace manhaja za ta buɗe. Sannan ka rubuta shafi ɗaya da ke bayanin kowane layi, ma'aunin da aka yi amfani da shi, wurin, na'urar, da abin da gurbi marar lamba yake nufi.

Shin duk bayani ya kamata a buɗe wa kowa?

A'a. Wallafa ainihin wurin da wata dabba ko tsiro mai wuyar samu yake tamkar zana wa mafarauta hanya ne, shi ya sa rumbuna ke dusashe wurin da gangan. Haka ilimin da al'ummomi suka gada kan tsirran magani da wuraren da suke girmamawa: ba na wanda ya zo da rikoda ba ne. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi a nemi yardarsu tun farko, a kuma raba amfanin da su.

Su kansu ɗakunan karatun, ambaliya da gobara ba sa yi musu barazana?

Suna yi, kuma mummunar al'adar ajiye tsofaffin takardu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa tana ƙara ta'azzara abin. A ranar 4 ga Nuwamban 1966 Kogin Arno ya yi ambaliya a Florence ta Italiya, laka ta rufe ɗimbin littattafan babban laburaren ƙasa, kuma dabarun ceto takarda da yawa da ake koyarwa yau daga can aka koyo su. A Afrilun 2021 wutar daji ta gangaro daga dutse ta cinye zauren karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town, ruwan kashe gobara kuma ya malala ƙasa inda sauran kayan suke.

Cibiyar da ta san abin da take yi tana da jerin kayan da za a fara fitarwa, tana da kwafi a wani gari daban, kuma ma'aikatanta sun san cewa jiƙaƙƙiyar takarda tana fara fumfuna cikin kwana biyu zuwa uku. Idan ba za a iya busar da ita a wannan lokacin ba, ba a buɗe ta, ba a shanya ta a rana. Naɗe ta ake yi a sa a firiza, ta daskare har mai gyara ya iso.